Majalisar da Ta Rage Mutum Ɗaya a Darrasa

Tun da na dawo daga Masar ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da dawowa sai ta miƙe ƙafa ta ce, "Rabi, ba mu labari." Wata ta tambaye ni ko na ga gawar Fir'auna, wata ta ce wai da gaske ne matan can ba su san daka ba. Na maimaita har bakina ya yi tsami. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta. Dalar Fir'auna dai na gan ta, tulin duwatsu ne masu girma, an gama da wannan. Abin da ya cika mini tafiyata daban ne.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Yayata Hadiza ce ke da cikin fari, tana zaune a Alƙahira da mijinta Malam Sani, wanda ke karatun shari'a a babbar jami'ar addinin nan tasu. Da a gida take, da an dawo da ita ɗakin Inna ta haihu ta yi wanka. To cikin ya tsufa, likita ya hana ta hawa jirgi, ita kuwa Inna ƙafafunta sun hana ta. Aka duba gidan aka ga ni ce na gama sakandare nake zaune ina faɗa da kowa. Inna ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake wankan jego da yadda ake dama kunun kanwa, tana yi tana cewa, "Budurwa da aikin tsofaffi, Allah Ya kyauta." Abin da ta fi nanatawa shi ne suna. "Ɗan fari ne. Ita ba za ta iya buɗe baki ta nemi komai a kansa ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ke ce bakinta. Kada a raɗa wa jikana suna a lungu kamar marar dangi."

Wannan a farkon shekarar da ta biyo bayan komawar mulki hannun farar hula ne, lokacin da kowace rediyo ba ta da magana sai ta gwamna da majalisa da kwamishinoni. Ni abin bai dame ni ba. Ban san zai riga ni isa Alƙahira ba.

A filin jirgin Kano aka haɗa ni da wani dattijo abokin Baba da zai wuce Jidda ta can. Mutumin kirki, sai dai tun kafin jirgi ya ɗaga ya yi barci, bai farka ba sai da ƙafafun jirgi suka taɓa ƙasa, sannan ya ce mini, "Kin ga, tafiya ba wuya." Ni kuwa kunnena ya toshe, an kawo mini wani abinci a ɗan faranti mai rufin azurfa, na ci burodin na bar sauran don ban gane asalinsa ba.

Wurin binciken kaya aka fara wasa. Jami'in ya buɗe jakata, ƙamshin daddawa ya buge shi, ya ja da baya ya kira abokinsa. Suka ɗaga kuka, suka shanshana yajin jego, ɗaya ya yi atishawa har hularsa ta karkace. Da suka zo kan kanwa sai fuskarsu ta canja. Ya riƙe dunƙulen yana tambayata da Larabci, ina ba shi amsa da Turanci, ba mai jin wani. Na gaji, na fizge na gutsura na sa a baki, na miƙa masa sauran. Wata tsohuwa mai shara da ke kallonmu ta matso ta lasa, ta ce, "Natrun," ta yi musu bayani tana nuna cikinta. Jami'in ya yi dariya ya ce, "Ma'alish, yalla." Waɗannan kalmomi biyu su na fara koya, kuma da su kaɗai mutum zai iya zama a garin nan. Ma'alish ita ce yi haƙuri, yalla ita ce mu tafi.

Dattijona ya wuce wajen jirginsa. Na fito inda ake tarbar baƙi, na ajiye kaya, na tsaya. Kowa ana rungumarsa ana sumbatar kumatunsa, ni ko kare bai kalle ni ba. Sanyi kuma irin wanda ke shiga ƙashi. Na jira har na ƙoshi. Ni ba mai jira ba ce. Na tare wata tasi mai launin fari da baƙi na ce masa, "Darrasa," don sunan unguwar kaɗai na riƙe da kyau.

Tuƙin Alƙahira ba a ba da labarinsa, sai an gani. Ba mai bin layi, kowa hannunsa na kan ham, ga bas ta karkace gefe ɗaya saboda mutanen da suka maƙale a ƙofa. Direbana yana tuƙi yana shan shayi yana zagin wani mai keke da ya ɗauko faifan gurasa a ka. Da muka shiga Darrasa ya rage gudu, yana leƙa kai ta taga yana tambayar masu shagunan littattafai inda 'yan Najeriya suke. Kowa ya nuna wani lungu daban. Can sai na ji wata murya a bakin shagon kayan miya tana cewa da Hausa tsantsa, "Kai, tumatirin nan naka ko akuya ba ta ci." Na buɗe ƙofa tun mota ba ta tsaya ba.

Ita ce Hajiya Mariyama, mutuniyar Damagaram, ƙatuwar mace mai fataucin turare da mayafai, ta daɗe a garin har ba ta tuna lokacin da ta zo. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce ƙanwar Hadiza. Goshin ɗaya ne. Wa ya ɗauko ki?"

"Allah, Hajiya."

"Na sani. Su waɗancan suna can suna mulki." Ta ɗaga jakata ɗaya kamar ba komai a ciki. "Taho, Bakanuwa. Kada ki ɓace ki ce mu muka sayar da ke."

Gidan su Yaya ɗaki biyu ne ƙanana a can ƙololuwar wani tsohon bene, matakala mai duhu, ga mai gadin ƙofa da suke kira bawwab yana zaune a ƙasa da rawaninsa yana ƙirga duk mai shiga da ido. Yaya ta gan ni ta fashe da kuka, ni ma na taya ta kaɗan. Malam Sani ya dawo daga makaranta ya same ni ina shan shayi, ya tsaya a ƙofa baki buɗe.

"Amaryata, yaushe? Ɗayyabu ne ya kawo ki?"

"Wane ne Ɗayyabu?"

Ya dafe kai. Ashe yana da jarrabawar baka ranar, ya bar maganar tarbata a hannun wannan Ɗayyabu, wanda shi ne Kwamishinan Tarbar Baƙi na ƙungiyar Hausawan unguwar. Aka aika aka kira shi. Ya zo, siriri mai tabarau, ya durƙusa ya gaida Yaya, ya ce wallahi ya so zuwa, amma majalisa ba ta amince da naɗinsa ba tukuna, in ya je za a ce ya fara aiki ba bisa ƙa'ida ba.

Na ce, "Kai ba za ka iya zuwa a matsayin Ɗayyabu ba?"

Ya tsaya yana nazari, kamar na ba shi mas'alar rabon gado.

A kan kwanon ful, wato waken nan nasu da ake dafawa ya yi luguf a zuba mai da lemon tsami a ci da gurasa, Malam Sani ya yi mini bayani. Shi ya rubuta wa ƙungiyar sabon tsarin mulki, kuma yana alfahari da shi fiye da yadda yake alfahari da karatunsa. Da labarin sabon tsarin gida ya iso musu, sai suka ga ya dace su ma su daina shugabancin gargajiya. Suka ce su ba su kai ƙasa ba, amma sun kai jiha, don haka suka kwafi yadda aka tsara zartarwa a jiha.

"Kin ga," ya ce, yana jera ɓallin gurasa a kan tabarma, "wannan gwamna ne. Jama'a duka suke zaɓensa, ba majalisa ba, shi da mataimakinsa tare, kamar 'yan jirgi ɗaya. In gwamna ya mutu ko aka tsige shi, mataimaki ya hau. Ikon zartarwa a hannun gwamna yake. Shi zai zaɓo kwamishinoni su taya shi, amma ba za su kama aiki ba sai majalisar dokoki ta tantance su ta yarda. Kuma dole ya rarraba, kowane yanki ya samu, kada ya cika da 'yan garinsu. In kuwa ya ɗauko ɗan majalisa ya ba shi kwamishina, sai ya bar kujerarsa, domin mai yin doka daban, mai zartar da ita daban."

"To ina matsalar?"

Yaya ta yi dariya daga kan gado. "Tambaye shi mutum nawa suka rage a majalisar."

Abin da ya faru shi ne, Gwamnansu, wani Basakkwace mai son kowa ya ji daɗi, da ya zo rabon kwamishinoni sai ya ga Kano na so, Katsina na so, Zazzau da Bauchi da Maraɗi da Damagaram da Tawa kowa na so. Manyan kowane gari kuwa su ne aka riga aka zaɓa a majalisa. Ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, su kuma don ɗoki, ana kiran suna sai mutum ya miƙe ya ajiye kujerarsa, wai kada a ce ya yi alƙalanci a kan kansa. Da aka waiga, majalisa ta rage mutum ɗaya, Kakaki, wato Malam Idi. Mutum ɗaya ba ya zama majalisa. Ba majalisa, ba mai tantance kwamishinoni. Sauran ɗaliban da ba a ba komai ba kuwa suka yi fushi suka ce ba za su tsaya takarar cike gurbi ba, waɗanda suka ci su wanke kwanonsu.

"Ku yi watsi da takardar mana," na ce.

Malam Sani ya kalle ni kamar na yi saɓo. "Rabi, da Alƙur'ani muka rantse za mu kiyaye ta. Dukanmu. Da alwala."

Nan na gane girman abin. Da 'yan boko ne, da sun yi dariya sun keta. Waɗannan kuwa kowannensu ya san hukuncin karya rantsuwa har da sunan littafin da babin. Ya ƙara da cewa ai ko a gida akwai jihar da majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin gwamna ana ta ja, don haka su ma ba su kauce hanya ba. Na ce masa lallai sun kwafa da kyau, har da ciwon.

Kafin haihuwa na ɗan ga gari. Hajiya Mariyama ta ja ni Ma'adi a jirgin ƙasa kai wa wata matar ma'aikacin jakadanci turare, unguwa mai itatuwa da shiru, har na ji kamar an kai ni asibiti. Na fi son Darrasa da hayaniyarta. Matan Darrasa ba sa sauka sayen kaya, kwando suke zurowa da igiya ta taga, mai shago ya zuba su ja. Na gwada, na ja da ƙarfi irin na guga, ƙwai ya fashe a kan rawanin bawwab. Tun daga ranar in ya gan ni sai ya kare kansa da hannu. Mai sayar da tukunyar gas yana yawo yana dukanta da ƙarfe, ranar farko na zaci gobara ce. Miyarsu ta mulukhiya lalo ce ba wani abu ba, sai dai sun yanka ta ƙanana sun cika tafarnuwa. Koshari kuwa shinkafa da taliya da wake ne a kwano ɗaya, kamar an share kicin an dafa, amma na ci na nemi ƙari. Maƙwabciyar Yaya, Ummu Samir, ba ta jin Hausa ni ba na jin Larabci, amma kullum sai mun yi hira mai tsawo da hannu. Mijinta da ya ji rikicin ƙungiya ya yi dariya ya ce su a nan gwamnan lardi shugaban ƙasa ke naɗa shi, ba mai wahalar zaɓe. Hajiya ta ce su ma a Nijar soja ke aiko musu da farfe, shi ne gwamnan, a wayi gari a gan shi. "Ku 'yan Najeriya ne kuka ɗauko wa kanku dala ba gammo."

Yaya ta haihu ranar wata Talata da hantsi, namiji, lafiya lau. Na yi guɗa a asibiti har wata nas ta zo ta taya ni da irin tasu. Wankan jego Hajiya ta karɓe daga hannuna tun ranar farko, da ta ga yadda nake riƙe ganye ta ce in matsa kafin in dafa mata 'yar mutane. Aikina ya koma dafa ruwa a kan gas da ba bawwab haƙuri kan ruwan da ke gangara matakala.

Sai maganar suna ta taso. Malam Sani ya sayi ragonsa, yana ɗaure wajen mahauci. Amma mai gidan ya hana yanka a benensa, ɗakin kuma ko mutum goma ba zai ɗauka ba. Duk Bahaushen da ya haihu a unguwar, a saman benen ƙungiya ake masa suna, fili ne babba da suke kira sutuhu, da ɗan ɗaki a gefe inda aka ajiye manyan tukwane da tabarmi da turmin da wani ya taɓa kawowa daga gida. Mabuɗin yana aljihun Malam Idi. Tsarin mulki kuma ya ce ba a buɗe wurin sai da hannun Kwamishinan Walwala wanda majalisa ta amince da shi.

Na ce, "Gwamnan fa? Ba ka ce iko a hannunsa yake ba?"

Malam Sani ya sunkuyar da kai. "A jiha haka ne, gwamna na iya yi da kansa ko ta hannun mataimaki ko kwamishina. Mu ne muka ƙara wannan sharaɗin. Tsohon shugaba 'yan garinsu kaɗai yake ba aron tukwane."

"Wane ne Kwamishinan Walwalar?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Shi ne.

Yaya tana jin mu daga kan gado. Da rana na shiga na same ta ta juya wa jaririn baya kamar yadda ake yi wa ɗan fari, amma hannunta ɗaya na kan ƙafarsa. Ta ce a hankali, "Ba komai, Rabi. A raɗa a nan ɗin. Yaron mutane ne, duk inda aka yi daidai ne." Hawaye na bin gefen hancinta. Na ɗauki mayafina.

Na sami Malam Idi a wani shagon littattafai bayan la'asar. Dattijo ne fari tas da gemu, ya fi kowa daɗewa a karatun, ba ya ɗaga murya. Na gaishe shi a gurguje na ce ya ba ni mabuɗi.

"'Yata, in na ba ki na karya rantsuwa. Kina so in yi kaffara a kan tukunya?"

"To me ake buƙata, Baba?"

"Mutanen da za su zauna a majalisa. Duk ɗan ƙungiyar da ya tsaya ba hamayya ya ci. Na bi ɗaliban nan ɗaki ɗaki, sun ƙi."

"Matan fa? Ba 'yan ƙungiya ba ne?"

Ya shafa gemu. "Suna ciki tun farko. Su ke dafa abincin kowane taro." Ya ɗago ya dube ni. "Ba abin da ya hana. Ba wanda ya tambaye su ne kawai." Sai na ga gefen bakinsa na motsi. "Ni ma na gaji da zama majalisa ni kaɗai. Ko wanda zan ce wa ya yi shiru babu."

Hajiya Mariyama na je wa da maganar. Ta ajiye kwalbar turaren da ke hannunta ta ce, "Sake faɗa. Mu za mu yi musu tambayoyi, su tsaya su amsa?" Kafin magariba ta zaga gidajen matan ɗalibai da na 'yan kasuwa. Ba wadda ta ce sai ta yi shawara.

Washegari da safe aka taru a tsakar gidan Hajiya. Malam Idi ya kira kujerun da ba kowa, mata suka tsaya, ba hamayya, suka yi alwala suka rantse. Na matso zan zauna cikinsu, ya ɗaga hannu. "Ke baƙuwa ce, ba mazauniya ba. Koma gefe." Ni da na kawo shawarar. Na koma gefe ina cika ina batsewa.

Gwamna ya gabatar da mutanensa, sun sha manyan riguna, suna murmushi kamar wasa ne. Murmushin bai daɗe ba. Kwamishinan Lafiya aka tambaye shi ina asibitin haihuwa mafi kusa, ya nuna gabas, mata suka nuna masa yamma. Na Ilimi, matarsa ce ta tambaye shi ajin da 'yarsa take. Ɗayyabu na zuwa na miƙe na ce, "Wannan kada ku yarda da shi." Malam Idi ya ce in na sake magana zai sa a fitar da ni, kuma na ga yana jin daɗin faɗar hakan. Hajiya ta tambayi Ɗayyabu, in ya ga makaho zai faɗa rami, zai jira majalisa? Ya ce a'a. Aka amince da shi bisa sharaɗin shi zai ɗauki kayana zuwa filin jirgi ranar komawa.

Sai Malam Sani. Ya tsaya, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin nan. Kowa ya san in suka ƙi shi, ba mabuɗi, ba suna.

"Malam," in ji Hajiya, "tukwane nawa ne a ɗakin can?"

"Da yawa, Hajiya."

"Wa ke wanke su bayan taro?"

Ya kalli Gwamna. Gwamna ya kalli sama.

"Mu ne. Ku ci ku shafa addu'a ku sauka, mu kwana muna kankare ƙanzo da ruwan sanyi. In mun amince da kai, wa zai wanke na sunan ɗanka?"

"Ma'aikatar Walwala," ya ce da ƙaramar murya.

"Ma'aikatar mutum nawa ce?"

"Ni kaɗai ne."

"Tamam." Ta juya ga mata. "Ku da kuka yarda?"

Hannaye suka tashi, sai wata Bakatsiniya da ta ce ita tana so a ga an yi hamayya don kada a ce majalisar 'yan amshin shata ce. Malam Idi ya zaro mabuɗi daga aljihu ya ɗora a tafin Malam Sani ya ce, "Khalas," wato an gama. Na gangara na haye benen su Yaya da gudu, bawwab ya kare kansa.

Sunan ya yi kyau fiye da yadda zan iya rubutawa. Da sassafe maza suka cika sutuhu, har da masu fushin, don ba a fushi da naman suna. Malam Idi ya yi huɗuba, aka yanka rago, aka raɗa Abubakar, aka raba goro da dabino. Daga can sama kana ganin hasumiyoyin masallatai ko'ina. Muka daka a turmi har maƙwabta suka leƙo ta tagogi, muka yi tuwon shinkafa da miyar kukar da ta tsallake binciken kaya. Da rana Ummu Samir ta hawo da nata al'adun, ashe su ma ranar bakwai suke biki. Ta sa yaron cikin rariya, ta watsa gishiri, ta ɗauko ɗan turmin tagulla tana bugawa kusa da kunnensa tana yi masa magana. Hajiya ta fassara mana, wai cewa take ya ji maganar uwarsa kada ya ji ta ubansa. Matan majalisa suka ce sun amince da wannan ma. Yaya na zaune a kusurwa ta rufe fuska da mayafi wai kunya, amma kafaɗunta na rawa don dariya.

Bayan la'asar kowa ya sauka. Muka zauna a inuwa muna shan shayi muna kallon Kwamishinan Walwala ya naɗe hannun riga yana kankare tukunya. Mataimakin Gwamna ya taya shi, ya ce dama tun da aka zaɓe shi bai sami abin yi ba.

Na zauna har Yaya ta yi arba'in. Ranar komawa Ɗayyabu ya zo tun ba a kira shi ba, ya ɗauki jakunkunana biyu har gaban jami'in bincike, yana haki yana ce mini wannan shi ne aikinsa na farko a hukumance. Na ce masa Allah Ya sa a fara a sa'a. Majalisar matan kuwa tana nan, na bar su suna maganar kiran Gwamna ya zo ya yi bayanin inda tabarmi biyu suka shiga.

Tsarabar da Inna ta fi so ba mayafi ba ce ba turare ba. Kaset ne da Malam Sani ya ɗauka ranar suna. Na sa mata a rediyo, ta matso da kunne. Ba a jin komai sosai, hayaniya ce kawai, ga addu'a, ga sakkwatanci da damagaranci, ga ƙarar turmi, ga guɗarmu da ta Misirawa sun haɗu, ga muryata ina yi wa wani faɗa kan ludayi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta goge ido da bakin zane.

"Ashe yaron nan yana da dangi a can," ta ce. "Mayar mini da shi farko."